Ban Haƙurin da Na Kai Ƙasar Ƙanƙara

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a rumfar bakin kasuwar Gwiwa sai wannan ya ce, "Malam Sule, da gaske ne can kogi yana zama dutse?" wancan ya ce, "Wai surukin naka a cikin firji yake koyar da ƙwallo?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda labarin ya je Roni ya dawo sai in tarar an ɗaura masa abin da ban faɗa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na tsira da shi daga aji huɗu. Amma in faɗa tun yanzu kada wani ya riga ni: a labarin nan akwai wawa guda ɗaya, kuma ni ne.

'Yata Asma'u ta tafi Kanada karatun jinya, can wani Bature ya gan ta, ya musulunta, aka sa masa Yusufu, muka ɗaura aure a nan shi yana cikin waya yana murmushi. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Da suka sami ɗa na uku, namiji, suka sa masa sunana, sai Asma'u ta ce lallai in zo in ga takwarana. Uwarta ta ce ita ba ta hawa abin da ba ya tsayawa a sha iska, don haka ni kaɗai na tafi.

Sana'ata gyaran keke. Amma ina da sana'a ta biyu wadda ba a biyana, kuma da ita aka fi sanina, wato ban haƙuri. Shanu sun shiga gona, yaro ya kayar da babur ɗin maigidansa, an kori wani daga shago, ni ake ɗauka. Har Babura an taɓa zuwa da mota an tafi da ni. Sirrin aikin kuwa ɗaya ne, kuma kowane dattijo ya san shi. In za ka roƙar wa yaro afuwa, kai za ka fara zaginsa. Ka wanke shi tas a gaban wanda ya ɓata wa rai, har mai fushin ya ji nauyi ya ce, "A'a Malam, bai kai haka ba, ai yaron kirki ne." Da ya faɗi haka magana ta mutu, sai a shafa fatiha. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɗan acaɓa ya kai ni Kazaure da jakata a kan tanki, daga nan mota zuwa Kano, daga Kano zuwa Abuja. Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, Asma'u ce ta yi komai daga can. Abin da na sani shi ne na'urarsu ta sha wahala kafin ta gane zanen yatsuna, don baƙin mai da tayar keke sun riga sun cinye su. A jirgi aka zaunar da ni kusa da wata mata mai barci baki buɗe. Aka kawo abinci a 'yan kwanoni irin na wasan yara, na cinye nawa ina jiran a kawo na gaske, ba a kawo ba. Alwala kuwa a banɗakinsu, sai wanda ya taɓa gyara keke a cikin akwati zai gane yadda na yi ta.

A kan iyakarsu wanda ya fara tarbata kare ne. Kare mai riga, mai albashi. Ya shinshina jakata ya zauna, nan take aka kewaye ni. Suka fito da kilishin da uwar yara ta yi wa 'yarta guzuri, da daddawa. Jami'in ya ɗaga dunƙulen daddawa ɗaya da safar hannu, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Na ce masa da Turancina miya ce. Bai yarda ba. Suka zuba duka a kwandon shara a gabana, karen yana kallo, kuma na rantse shi ma bai ji daɗin hukuncin ba.

Sai jami'in ya duba takardar gayyata, ya ga sunan surukina, ya ɗaga gira. Ashe ɗan garinsu ne. Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, ya yi kamar yana share ƙasa da sanda, sannan ya dube ni ya ja yatsa a wuyansa yana girgiza kai. Ya buga min hatimi. Na wuce ina tunanin wane irin suruki ne wannan da tun daga bakin iyaka ake min alamar yanka a kansa.

Asma'u da mijinta suna jirana a waje. Ta koya masa ya durƙusa ya gaida ni, ya kuwa yi ƙoƙari, sai dai gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, ya tafi zai kifa, ni na tare shi. Ƙato ne, hancinsa ya karkace gefe guda, haƙoransa na gaba sababbi fes, na saye ne. Da na tare shi sai ya ɗauka rungumarsa nake, ya matse ni har hulata ta faɗi. Suruki ke nan, ranar farko. Muka fita waje sanyi ya gaishe ni. Ba zan kwatanta muku shi ba, don ba ku da abin da za ku auna shi da shi. Gashin hancina dai ya daskare kafin mu kai mota.

A mota na tambayi Asma'u maganar yatsa a wuya. Ta ce da Hausa, don kada mijin ya ji, "Baba, ana ta cinye ƙungiyar da yake horarwa ne. In abin ya ci gaba za a sallame shi."

"To sai ya nemi wani aikin."

"Zai samu. Amma ba a garin nan ba."

Masaukina a ƙarƙashin ƙasa yake. Na ce mata tun ina da rai za ku sa ni a ƙasa, ta ce nan ya fi ɗumi, kuma gaskiyarta ne. Abin da na gani a ɗakin shi ya fahimtar da ni maganarta. Bango guda cike da kwalaye, an naɗe su an jingine, kowanne da rubutun abin da yake ɗauka: tukwane, littattafan yara, takalma. Ba ta zubar da su. Tun aurensu gari nawa suka zauna, ta lissafa min har na ɓace a hanya. Babbar 'yarsu ba ta taɓa gama shekara biyu a makaranta ɗaya ba. A garin nan ne karo na farko Asma'u ta sami aiki na dindindin a asibiti, ta sami maƙwabciya 'yar Sudan mai riƙe mata yara, har ta shuka yakuwa a tukunya a bakin taga. Ta ce, "Baba, na gaji da naɗe labule."

Abinci kuwa, Yusufu ne yake shiga kicin, ya ɗaura zani a ƙirji, ya dafa, ya zo ya zauna daf da ni muna ci yana kallon cikin idona. A Gwiwa da suruki ya hango ni ya canja hanya. Akwai wani abincinsu da suke alfahari da shi, soyayyen dankali a zuba masa cuku a kwarara romo, ya jiƙe sharkaf kamar an manta shi a ruwan sama. Na ci don zumunci. Amma suna da wani ruwan bishiya mai zaƙi kamar zuma, wannan kam na yafe musu daddawata saboda shi.

Ta bakin Asma'u ya ba ni tarihinsa. Tun yana ɗan ƙarami ubansa yake watsa ruwa a bayan gida ya daskare, ya ɗaura masa takalma masu wuƙa a ƙasa ya tura shi. Ya girma ya zama ɗan wasa ana biyansa, ba a manyan ƙungiyoyi ba, a na tsakiya, masu kwana a mota daga gari zuwa gari. Can ya bar haƙoransa da hancinsa, daga baya gwiwa. Da gwiwa ta tafi sai ya zama mai taimaka wa mai horarwa, ya koma horar da matasa, har aka ba shi ƙungiya tasa. A wani gari ya ci musu kofi, suka ɗaga shi sama suna zagaya gari da shi, shekara ta zagayo suka kore shi. Na ce laifin me ya yi. Ya yi dariya ya ce ba a iya korar 'yan wasa duka a rana ɗaya, shi kuwa mutum ɗaya ne.

Ya kai ni kallon wasan. Ɗaki ne wanda ya fi filin idinmu girma, ƙasansa ƙanƙara. Ƙarti ne suke sulɓi a kai da gudun da ya fi na babur, kowa da sanda mai lanƙwasa a baki, suna bin wani ɗan baƙin abu mai faɗi. Da na ƙura ido na ce wannan ai daddawa ce, ashe suna da tasu shi ya sa suka hana tawa shiga. Ana cikin haka biyu suka yar da sanduna suka kama dambe, alƙalan wasa suka tsaya suna kallo hannu a baya. Na miƙe zan sauka in raba, Asma'u ta riƙe min riga. Da suka gaji aka kai kowanne wani ɗan kurkuku na gilashi ya zauna ya huce, aka sake shi. Shi kuwa surukina yana tsaye bayan benci cikin kwat, yana taunar cingam, bai taɓa sanda ba. Ya taɓa kafaɗar wannan ya tsallaka katanga ya shiga, ya yi wa wancan tsawa ya fito. Kamar mai gayya da ba ya riƙe fartanya, amma in kunya ta karkace shi za a zaga. Aka cinye su. Mutanen gari suka miƙe suna rera sunansa, na ɗauka yabo ne har na fara gyara zama, Asma'u ta ce cewa suke a kore shi.

Ranar Juma'a na haɗu da wani mai suna Illa. Masallacinsu ɗaki ne a saman wani shago, ina fitowa na ji an ce, "Tsoho, wannan hula ta Kazaure ce ko idona ne?" Direban tasi ne, mutumin Magarya a tsallaken iyakarmu, uwarsa 'yar Babura. Muka tsaya muna tsokanar juna, shi yana ce min nairarmu ta zama takardar ƙunsa ƙosai, ni ina ce masa ai da sefarsu tana da albarka da bai zo nan yana tuƙa mashaya ba. A garin nan Faransanci ake yi, Illa kuwa ya iya shi kamar ruwa. Nan dabara ta faɗo min.

Na ce, "Illa, ka san mai ƙungiyar nan?"

"Kowa ya sani. Me ya faru?"

"Ban haƙuri za ka raka ni."

Ya dube ni ya ce, "Tsoho, nan ba a yin haka."

"Ko'ina akwai manya, ko'ina akwai kunya. Kai dai ka fassara. Kuma ban yarda ka rage ko ka ƙara ba, na san halinku."

"'Yarka ta sani?"

"Yaushe aka fara shawara da yara kan ban haƙuri?"

Na sa babbar rigata a kan rigunan sanyi uku, na zama kamar rumbu. Na ɗauki sabuwar hular da na zo da ita da ƙullin dabino. Na shirya ganin wani Alhajinsu mai tumbi, sai aka shigar da mu wurin wata mata siririya mai furfura, da wando irin na makanikai. Ita ce mai ƙungiyar, ta gada wurin ubanta tare da kamfanin katako. Na tuɓe takalma a bakin ƙofa na durƙusa. Ta zabura za ta kira likita, Illa ya ce mata gaisuwa ce.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne uban matar yaronki Yusufu. Na zo ne a kan abin da yake ta faruwa."

Illa ya fassara mata. Ta ce tana jina.

"Yaron nan da kike gani, bai san komai ba. Duk abin da ya lalace laifinsa ne, ba na kowa ba."

Illa ya dube ni. Na ce masa faɗa mata. Ya faɗa. Na dakata ina jiran ta ce a'a, bai kai haka ba. Ba ta ce ba. Sai ma ta jawo kujera ta matso.

To a aikinmu, in mai fushi bai tare ka ba, alama ce fushin yana da yawa, sai ka ƙara wuta. Na ce, "Taurin kai gare shi. Ba ya jin shawara. Ni kaina da na gan shi na rasa abin da 'yata ta gani."

Ta yi tambaya. Illa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wai ko ya taɓa faɗa a gida cewa 'yan wasan sun daina sauraronsa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, wa zai saurare shi? Ko 'ya'yansa sai uwarsu ta yi magana."

"Tsoho," in ji Illa, "wannan kam in bar shi."

"Ka ci amanar tafinta ke nan."

Ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai a hankali. Na ci gaba, ina yi ina leƙen fuskarta, ina jiran inda za ta riƙe hannuna. Na ce ba don halinsa ba, don furfurata da nisan ƙasar da na fito. Na ce in ta kore shi ba ta yi zalunci ba, amma babba da haƙuri aka san shi. Har na ƙare ba ta tare ni ko sau ɗaya ba. Ta miƙe ta kama hannuna biyu, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin dangin mutum masu gaskiya irina ba. Ta karɓi dabinon, ta kifa hular a kanta, aka ɗauke mu hoto.

A mota na ce wa Illa, "Ka gani? Ta karɓi kyauta. Magana ta mutu."

Ya ce, "Wani abu dai ya mutu." Da muka isa gida kuma ya ƙi karɓar kuɗin mota.

Washegari aka yi wasa, sai ga shi sun ci. Yusufu ya dawo yana ɗaga yara sama. Ni kuwa abin ya cika min ciki, muna cin abinci na ce wa Asma'u ta gaya wa mijinta ya kwantar da hankalinsa, na je na gyara. Ta ce na je ina. Na ba ta labari tiryan-tiryan, har da inda na ƙara wuta. Ta ajiye cokali. Ta san aikina, tun tana yarinya take ganin ana zuwa ɗaukata, don haka ba sai na yi mata bayani ba.

"Baba, ta ce maka ai yaron kirki ne?"

"Ba ta kai ga faɗa ba."

"To."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Mijin yana tambayar me aka ce, ba wanda ya fassara masa.

Ranar Litinin aka kira shi ofis, kafin azahar ya dawo da kayansa a kwali. Matar ta gaya masa ta daɗe tana wasi-wasi, nasarar nan ma ta so ta sa ta dakata, amma in har mutanen gidansa sun fitar da rai da shi, ita ba ta da hujjar riƙe shi. Asma'u ta zaunar da shi ta warware masa yadda ake ban haƙuri a wurinmu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tuntsire da dariya har yana riƙe gwiwa. Ya ce an kore shi saboda 'yan jarida, an kore shi saboda mai tsaron raga, amma ba a taɓa korarsa saboda ƙauna ba. Ya dafa kafaɗata ya ce da ma ana gab da yi, kada in damu. Ban sani ba ko gaskiya ce ko kara ce irin tasu.

Asma'u ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma yi min faɗa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Da yamma ta sauko ɗakina ta ce, "Baba, ɗan matsa," ta fara jawo kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya. Na taya ta buɗe su ina liƙa musu gindi, don aikin hannu dai na iya shi. Babbar jikata ta tsaya a matakala tana kallonmu, sannan ta je ta fara tattara littattafanta. Yakuwar aka kai wa 'yar Sudan.

Sauran kwanakina na yi su ina goyon takwarana, shi kaɗai ne a gidan bai san abin da na yi ba. Illa ne ya kai ni filin jirgi. Na ce masa da ya rage kaɗan ai da ba haka ba. Ya ce, "Tsoho, kai ka ce ka san halinmu."

Bayan na dawo da 'yan watanni Asma'u ta bugo ta ce Yusufu ya sami wata ƙungiya a wata ƙasar Turai, can ma ƙanƙara, can ma wani yare. Albashin ya ɗan fi. Ita kuwa sai ta sake jarrabawa kafin a bar ta ta taɓa majiyyaci. A rumfar mai shayi na faɗi rabin farko na bar na biyun, har na ce in an duba da kyau tafiyata ce ta buɗe masa hanya.

To shekaranjiya ƙaramin ɗana Nasiru, mai aiki a wani gidan mai a Kazaure, ya shigo fuska a yamutse. Ya makara kwana biyu a jere, manaja ya ce ya je gida sai an neme shi. Na ce wannan ƙaramin abu ne. Na shiga na sako babbar riga, na fito ina gyara hula, ina tambayar a ina manajan yake zama. Uwar yara tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, ajiye hular nan. Wancan da ka ba da haƙuri a kansa yana da wata ƙanƙarar da zai koma. Wannan in ka gama da shi, gidan nan zai dawo, kuma ni zan ciyar da shi."